Ƙusar Ɗakin Gudiya

A Jiga Birni ta ƙasar Aliero, har yau idan mutum ya shiga tsofaffin gidaje zai ga ƙusa guda a kafe a inda hankali ba zai ba shi dalili ba: a saman ƙofar ɗakin girki, a jikin rumbu, ko a kututturen darbejiyar bayan gida. Ba a rataye komai a kanta, ba a kuma cire ta. Yaran yanzu ba su san aikinta ba. Wanda ya kafa yawancinsu shi ne Tukur Mai Ƙusa, ko da yake kafin zuwan ƙusa ya yi rabin rayuwarsa ana ce masa Tukur Mai Rijiya.

Ginar rijiya ya gada. Tun yana ɗan saurayi yake bin mahaifinsa fadama, inda manoman albasa ke bukatar rijiya kusa da kowane fage. Uban bai cika magana ba. Da sanyin safiya zai tuɓe takalmi ya yi ta tafiya a hankali, ya duba irin ciyawar da ta fito, ya dubi inda tururuwa ta yi gida, ya ɗebi ƙasa ya murza, wani lokaci ya ɗanɗana. Inda ya tsaya ya kafa dagi, nan ake gina. A wurinsa Tukur ya koyi cewa ruwa iri biyu ne a ƙarƙashin ƙasa. Akwai na sama-sama, mai saurin fitowa da cika ido, wanda kan ƙafe da zarar bazara ta tsananta. Akwai kuma na can ƙasa, bayan an wuce laka an fasa marmara, wanda ba ya ɗoki amma ba ya yaudara.

Da aka shigo da injin ban ruwa da bututun da ake soka wa ƙasa a yini guda, sai aikin ya fara ja da baya. Tukur bai yi faɗa da zamani ba. Ya jingine diga, ya koma tsaron rudu, wato rumfar kara da ake ajiyar albasa a ciki har ta yi daraja. Yana juya ta, yana tsince wadda ta fara ruɓa. A nan ne, wajen shekarar 2005, wani dillalin albasa ya ba shi ƙaramar waya baƙa mai tocila a ka, don ya riƙa sanar da shi halin da kaya ke ciki.

A wancan lokaci ƙarfen sabis yana Jega ne da Aliero, a bakin kwalta. Abin da ke isowa ƙauyuka ragowa ce. A kusurwar fuskar waya akwai ƙananan layuka a tsaye, gajere zuwa dogo, waɗanda mutanen karkara suka laƙaba wa suna kara. Kara huɗu, magana ta fita tas. Kara ɗaya, sai ihu da maimaici. Magidanta masu furfura sun hau bishiya a shekarun nan, wasu sun hau rudu har ya karye da su. Tukur kuwa ya lura da abin da sauran ba su tsaya sun lura da shi ba: abin nan yana da mazauni, kamar ruwa. Yakan taru a wata kusurwa ya ƙaurace wa wata, kuma inda ya zauna jiya nan za a same shi gobe.

Sai ya koma tafiyar mahaifinsa. Ya tuɓe takalmi, ya ɗora waya a tafin hannu, ya bi jikin bango taki-taki, ya ɗaga, ya sauke, ya tsaya. Idan kara uku ko huɗu suka tsaya cik har ya gama karanta Fatiha a zuci ba su motsa ba, sai ya zaro ƙusa daga aljihu ya kafa. A ɗinka wa waya 'yar jaka, a rataye ta a nan, kuma nan ne gidanta. Ba ya yanka wa kowa lada. Wani ya ba shi gero, wani goro, wata tsohuwa a Aliero ta ba shi zakara mai ƙafa ɗaya. Daga Jiga Birni sunansa ya kai ƙauyukan Jega, ya tsallaka ƙasar Maiyama.

Waɗanda suka ga wannan zamani ba su manta shi ba. Waya ta yi kuka a kan ƙusa, gida duka ya taso, har da maƙwabta ta kan katanga. Ba a cire ta, don in an cire magana ta yanke, saboda haka a tsaye ake magana, fuska na kallon bango. Amarya idan surukinta ne ya kira, sai ta fara durƙusawa a gaban bangon, sannan ta miƙe ta kai baki ta gaishe shi. Ba a yin sirri, ba a kuma yin doguwar hira. Labarin haihuwa da na rasuwa da farashin albasa a Kudu duk ta ƙusa ɗaya suke shigowa, kowa kuma ya ji da kunnensa.

Cikin dukan ƙusoshin da ya kafa, wadda ya fi ji da ita tana Kuberi, a ɗakin yayarsa Gudiya. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har ya yi furfura ba ta daina ce masa Auta ba. Mijinta ya rasu, gwiwoyinta sun ƙi, idonta ya fara hazo. Ranar da ya zo nema mata wuri, ya zagaye gidan kaf bai samu ba, sai a cikin ɗakinta, daidai saman inda randa take. Gudiya ta sa aka fitar da randar, aka jawo gadonta ƙarƙashin ƙusar, yadda daga zaune za ta kai kunne.

Dalilin wannan ɗawainiya shi ne Nafi'u, ɗanta na fari, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rage mata. Ƙasar gado ta yi musu kaɗan, sai ya tafi noma can cikin dajin jihar Neja, ya bar matarsa Iklima da yara a wurin uwar. Inda yake babu sabis ko kaɗan, in an kira shi ba ya shiga. Sai ranar Juma'a, idan ya fito babban ƙauye salla, yakan hau wani dutse a bayan masallaci ya kira gida.

Gudiya mutuniyar da ce, ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kuma nuna damuwa da shi a gaban mutane. In ta matsu ta ce "wancan yaron". In ya kira, ba ta wuce ta amsa gaisuwa, ta tambayi ruwa, ta tambayi mutanen da yake zaune da su, sai ta ce ga matarsa. Amma duk gidan an san cewa ranar Juma'a tun da hantsi take wanka, ta ɗaura zanenta na saƙi, ta zauna a bakin gado ba ta ko gyangyaɗi.

Haka aka yi shekaru. Ƙarafan sabis suka yawaita, aka zo da wayoyi masu faɗin fuska da ake shafawa, gidaje da yawa suka daina rataya. Kiran Tukur ya ragu, kamar yadda na rijiya ya ragu. Samari suka laƙaba wa irin wayarsa wani suna marar daɗin faɗi. Shi dai yana nan da abarsa, ya ɗaure bayanta da roba, lambobin jikinta sun goge, yatsansa ne kawai ya san inda suke.

Bara da damina wayar Gudiya ta mutu, batirin ya kumbura har ya ɓalle murfi. Nafi'u ya aiko da babbar waya ta hannun wani direba, ya ce a sa layin Inna a ciki, in ya samu hali zai riƙa turo hoton gona su gani. Iklima ta faɗaɗa jakar, aka rataye sabuwa a tsohuwar ƙusa. Juma'a ta zo ta wuce, waya ba ta yi kuka ba. Iklima ta duba ta ga kara ɗaya tak, shi ma yana zuwa yana ɓacewa. Sai ta aika a kira Kawu.

Tukur ya zo a bayan babur da gudumarsa. Ya ɗora tasa wayar a jikin ƙusar, kara huɗu cif. Ya ɗora sabuwar, kara ɗaya. Ya daɗe yana kallonsu. A ƙarshe ya yanke hukunci irin na mai rijiya: babbar waya kamar injin ban ruwa ce, idon ruwan da ya ishi guga ba zai ishe ta ba, sai an nema mata babba. Ya tuɓe takalmi, ya bi gidan da sabuwar wayar a tafin hannu, har ya samu kara uku a jikin turken da ke kusa da garken awaki, can ƙarshen tsakar gida. Nan ya kafa sabuwar ƙusa. Ya ce in ta yi kuka, Iklima ta amsa, a tallabo Inna a kawo ta. A wurin kuwa saƙonnin 'yan'uwan Iklima suka riƙa shigowa har da hotunan biki, kowa ya ce Kawu bai tsufa ba.

Amma Juma'a ta sake zuwa ta wuce shiru. Wata ma ta bi bayanta.

Gudiya ba ta tambayi ko yaron ya kira ba. Abin da take tambaya kullum shi ne ko wayar nan tana da caji. In an ce tana da shi, sai ta ce to. A rediyo kuma ana ta labarin 'yan bindiga a dazuzzukan Neja, har Iklima ta daina kunnawa, kuma daina kunnawar ma Gudiya ta lura da shi. Ta fara mayar da kwanon tuwo yadda aka kawo shi. Fura ma sai ta kurɓa sau ɗaya ta ture. Ta kira jikarta ta ba ta tasoshinta na aure, ta aika wa maƙwabciya da kyautar turmin da ta daɗe tana zuwa aro.

Da Tukur ya dawo duba ta, ya tsaya da Iklima a bakin garke suna magana ƙasa-ƙasa a kan ko a tura mutum Neja. Gudiya ba ta gani sosai, amma ta ga inuwar mutum biyu sun haɗa kai. Da ya shigo ya zauna a kan tabarma, sai ta ce ya matso.

"Auta," in ji ta, "in an yi rasuwa, ba a ɓoye ma uwa ita. Ko ban hwaɗin suna nai, ni na haihe shi."

Ya rantse mata babu abin da suka ji. Ta ce ai shi ma ɗan goyonta ne, ta san yadda muryarsa take in yana lallashi. Ta juya fuska bango, wajen tsohuwar ƙusar da babu komai a kanta. Ya dubi wuyan hannunta, ya ga awarwaron da a da yake kama ta yanzu yana zamewa har gwiwar hannu. A nan ya gane cewa in Juma'a mai zuwa ta wuce shiru, yayarsa ba za ta jira ta bayanta ba.

Washegari ya karɓi babbar wayar ya nufi Jega. A bayan babur ya riƙe ta a tafin hannu saboda sabo, sai ya ga abin da bai taɓa lura da shi ba a tsakar gida. Kusa da karan akwai wani ɗan rubutu. Tukur bai yi boko ba, amma ya san siffa. Rubutun nan canzawa yake yi. In ya zama mai harafi biyu, kara ya faɗo ɗaya ko biyu. In ya koma mai kama da matsefi, sai kara ya cika huɗu nan take, alhali babur bai yi nisan jifa ba. A tsakanin canjin kuma, na ɗan lokaci, babu kara ko ɗaya.

A unguwar Jega Magaji akwai mai gyaran waya, Shamsuddeen, magidanci mai ƙiba da son barkwanci, wanda ƙusar Tukur ke jikin ɗakin mahaifiyarsa tun yana makaranta. Da ya hango shi sai ya miƙe ya ba shi benci, ya tambaya ko yau ƙusa ce ta lalace aka kawo gyara. Tukur ya ce ƙusa lafiyarta lau, masu gyara ne suka cika gari har wayoyi suka koyi ciwo. Sannan ya kwashe labari ya faɗa masa, har da abin da ya gani a hanya.

Shamsuddeen ya daina dariya. Ya ajiye wayar a kan tebur, ya ce Baba ya sa ido a kusurwa, ya kira ta da tasa. Kafin ta yi kuka, rubutun ya ɓace, wani ya fito, karan ma suka canza. Ya bayyana masa cewa sabis ɗin ba ɗaya ba ne. Akwai tsoho, mai alamar matsefin nan, wanda ake kira 2G, shi ne wanda wayar Baba ta sani, mai ratsa bango ya kai murya nesa. Akwai sabo, 4G, mai ɗaukar hoto. Kara huɗu na wannan da kara huɗu na wancan ba mudu ɗaya aka auna su da shi ba. Babbar waya kuwa sabon take so, ko kara ɗaya ta samu sai ta manne masa, amma a irin layinsu in kira ya zo dole ta saki sabon ta diro kan tsohon. In wanda ta riƙe ba shi da ƙarfi, kiran ba ya ma iske ta. In wanda za ta diro a kai ne babu, sai ya faɗi a tsakani, mai kira ya ji an ce ba a samunta.

Tukur ya shiga lissafin gidan Gudiya a ransa. A ɗaki tsohon ne mai ƙarfi, sabon kuwa ɗigo. A bakin garke, inda bai ko gwada tasa wayar ba, sabon ne ya cika ido. Ruwan sama-sama ya bi, shi da ubansa ya yi wa gargaɗi tun yana saurayi.

Shamsuddeen ya ce gyaran ba wuya, zai iya ɗaure babbar wayar a kan tsohon kaɗai, sai dai hoto zai riƙa wahalar shigowa, kuma duk ranar da wani ya taɓa ya kwance, an koma gidan jiya. Ko kuma ya ba shi sabuwar ƙarama, ga su nan a kwali. Tukur ya dubi na kwalin, ya girgiza kai. Bai san halinsu ba, kuma ba shi da Juma'ar da zai yi gwaji da ita. Ya zaro tasa, ya warware robar da kansa, ya ce a sa layin Gudiya a ciki, nasa kuma a sa a babbar a ba Iklima.

Shamsuddeen ya tambaya, to masu neman Baba fa? Tukur ya ce rabon da a neme shi tun kafin azumi, kuma wanda ya kira ɗin ma kuskuren lamba ya yi.

Ranar Juma'a tun da safe ya rataye baƙar wayar a tsohuwar ƙusa. Ta yi wa jakar ƙanƙanta har sai da Iklima ta cusa tsumma a ƙasa. Kara huɗu suka tsaya, ya karanta Fatiha, ba su motsa ba. Gudiya tana kwance, ba ta yi wanka ba, ba ta ɗaura saƙi ba. Ta ce ya daina wahalar da kansa. Ya tafi masallaci, ya dawo, ya zauna a bakin ƙofa. Iklima ta zauna a kan kujera da tsintsiya a hannu, ba ta share komai ba. Inuwar katanga ta fara tsawo. Shamsuddeen ya gaya masa gyaran waya, amma bai ce masa yaron yana da rai ba, kuma wannan ne abin da Tukur ya yi ta juyawa a zuci.

Ana gab da kiran la'asar wayar ta yi kuka, irin siririn kukan nan da rabin Jiga Birni suka sani. Iklima ta riga kowa isa, ta duba, ta ce baƙuwar lamba ce. Gudiya ta tashi zaune, ta gyara ɗankwali, ta ce a amsa, ai dama ta san baƙo ne zai kawo labarin. Iklima ta dubi Kawu. Tukur ya miƙa yatsa ya danna, bai cire ta daga ƙusa ba.

"Salamu alaikum. Inna? Inna, ke ta?"

Gudiya ta kai kunne jikin jakar.

"Ni ta. An yi ruwa can wajenku?"

Nafi'u ya ce an yi, har ya yi yawa, a wajen tsallake rafi ma wayarsa ta faɗa ruwa da dukan lambobin da ke ciki. Ta Inna kaɗai ce a kansa. Kowace Juma'a yana aron wayar wani mai shago ya hau dutse, kowace Juma'a a ce ba a samunta, har ya fara neman wanda zai bar wa gona ya taho, don ya ɗauka wani abu ya faru ana ɓoye masa. Gudiya ta ce babu abin da ya faru, kowa lafiya, ya zauna ya kula da dawarsa. Ta tambayi mutanen da yake zaune da su. Sannan ta ce ga matarsa.

Ta ce ga matarsa, amma ba ta matsa ba. Tafin hannunta na kan bango a ƙarƙashin ƙusar, sai da Iklima ta ranƙwafa ta kan kafaɗarta ta yi magana. Da aka gama, Gudiya ta goge fuska da gefen zane, ta ce hayaƙin girkin maƙwabta ya dame ta. Can kuma ta tambaya ko akwai sauran furar jiya, in akwai a dama da kauri, kuma a je a gaya wa maƙwabciya turmin nan aro ne.

Tukur ya kwana biyu a Kuberi, har ya ga ta cinye tuwo ta nemi ƙari. Ranar da zai tafi ya zare ƙusar bakin garke, ya miƙe ta da guduma, ya kafa wa Iklima ita a ɗakin girki don rataye ludayi. Gudiya ta ce ya ɗauki wayarsa in an sayo wata. Ya ce ta bar ta nan, ta san bangon.

Bai sake sayen waya ba. Yana nan a Jiga Birni, yana juya albasa a rudun wani ɗan ƙaninsa, kuma har yanzu in ya shiga baƙon gida hannunsa kan tafi aljihu kafin ya tuna. In yara suka tambaye shi ina baƙar wayarsa, sai ya ce tana Kuberi wajen aiki, ranar Juma'a take fita.